Lamba ɗaya tal ta riƙe mu a bakin tafkin Los Alamos

Tun ranar Asabar ɗin da muka dawo nake ta cewa zan zauna in rubuta abin nan kafin ya fara zubewa daga kaina, sai yau Allah ya yi. Wanda bai san wasan ba, jiyokashin ake ce masa, wani ne zai samu ɗan akwati ko gwangwani ya saka ƙaramin littafi a ciki ya je ya ɓoye a gindin bishiya ko ƙarƙashin dutse, sai ya ɗora lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi GPS ɗin wayarka har ka gano shi, ka sa hannu a littafin da kwanan wata, ka mayar yadda ka tarar. Ba kuɗi ake ci ba, neman ne kawai daɗin abin. A watan Mayun 2000 aka fara, da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS ɗin farar hula, washegari wani mutum Dave Ulmer ya turbuɗe bokiti a jihar Oregon yace a zo a nemo, yanzu irinsu sun haura miliyan 3 a duniya.

Ni wani abokin karatuna ne ya jefa ni ciki bara a nan Albukaki ta Niyu Meziko, kuma na riƙe abin ne saboda Ummi, sunan mahaifiyata gare ta shi yasa muke kiranta haka, shekararta 8, in ba a fita da ita ba to wunin Asabar a gaban talabijin zai ƙare. Mun samo sun kai arba'in amma duk masu sauƙi ne, na gefen filin wasa da na bayan allon hanya. Wannan shine karon farko da na taɓa mai alamar tambaya. Su irin waɗannan lambobin da ake ɗorawa na bogi ne, sai ka warware kacici-kacici tukunna na gaskiyar su fito, dokar dai ita ce ainihin wurin ba zai wuce mil 2 daga na bogin ba. Na wannan da na duba taswira tsakiyar ruwa ya faɗa, cikin wani ɗan tafki a Los Alamos, garin da aka ƙera bam ɗin atom na farko. Sunan kash ɗin, wato akwatin da aka ɓoye, ba zan faɗa ba, lissafin ma ba zan zayyana duka ba, don ladabin wasan ya hana ka tona wa na baya amsa.

Mai shi ya rubuta lambobin haka, N 35° 5A.BCD da W 106° 1E.FGH, haruffa takwas kowanne da tambayarsa. Biyar zaka iya amsawa kana zaune a gida, uku kuwa sai ka taka da ƙafarka ka karanto a wurin, kuma ya jera su ne a kan hanya mai lamba 4 wadda ta ratsa duwatsun Jemez, Hemes ake furtawa don rubutun Sifaniyanci ne. Yace da gangan ya yi, wai ka bi sawun mutanen da suka zo neman inda za a kafa ɗakin binciken a 1942.

Dare uku na yi a kan biyar ɗin gida, bayan isha in Ummi ta yi barci. Biyu na farko basu ba ni wuya ba. Ɗaya lambar akwatin gidan waya ce, 1663 a Santa Fe, shine adireshin duk wanda ke zaune a kan tudun Los Alamos lokacin yaƙin duniya na biyu, dubban mutane akwati ɗaya, har jariran da aka haifa a can abin da aka rubuta musu a takardar haihuwa kenan, don a hukumance garin babu shi. Ɗayar kuma lambar wani ƙaramin ofis a titin East Palace, 109, inda wata mata Dorothy McKibbin ke karɓar baƙi, masanin kimiyya zai sauko daga jirgin ƙasa bai san ma inda za a kai shi ba, ita zata ba shi takardar shiga ta sa a hau da shi. Ta uku lokacin da aka tayar da gwajin Trinity, gwajin bam ɗin na farko, a hamadar kudancin jihar, 16 ga Yuli 1945, ƙarfe 5:29, daidai lokacin sallar asuba.

Ta huɗu ce ta hana ni barci. Cewa ya yi a nemo wasiƙar da Albert Einstein ya sa wa hannu ranar 2 ga Agusta 1939 zuwa ga shugaba Roosevelt, a duba ƙasar da aka ce ita ce babbar matattarar yureniyom, a ƙirga haruffan kalma ta biyu a sunanta. Ni na zaci Kanada zan gani. Sai ga Kwango, Kwangon Beljiyam. Wallahi shekara uku ina jihar nan ina jin ana ta Oppenheimer Oppenheimer, masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin, ban taɓa jin wanda ya haɗa bam ɗin da Afirka ba. Na ajiye kacici-kacicin na bi wannan zaren har ƙarfe biyun dare. Mahaƙar sunanta Shinkolobwe, a Katanga, wani dutsenta yureniyom ɗin cikinsa ya haura kashi 60 cikin ɗari alhali na Amurka ko kashi 1 bai kai ba. Shugaban kamfanin Beljiyam ɗin da ke riƙe da ita, Edgar Sengier, tun 1940 ya loda wajen tan 1,200 a jirgin ruwa ya kai wani sito a Staten Island ta Niyu Yok don kada ya faɗa hannun Jamus, yana nan a jibge har sojan Amurka suka zo nema a Satumbar 1942. Mafi yawan yureniyom ɗin aikin daga ramin nan ya fito. Su kuwa 'yan Kwangon da suka haƙa da hannu suke tsince dutsen, ba wata kariya, ba wanda ya gaya musu me suke ɗauka, sunan mahaƙar ma sai da aka goge shi daga taswira. Duk wannan a kacici-kacicin ya dunƙule ya koma lamba guda cikin takwas, na rubuta ta amma jikina a sanyaye.

Ta biyar ranar Hiroshima ce, ko dubawa ban yi ba na rubuta 6, wa bai san 6 ga Agusta ba. Na rufe littafi.

Asabar ɗin farkon Oktoba muka fita bayan sallar asuba, ni da uwargida da Ummi, da fulas ɗin shayi da dambun kazar da ta kwana tana yi. Daga Albukaki ka miƙi arewa zuwa Bernalillo, ka ɗauki 550 har wani ɗan ƙauye San Ysidro, nan hanya ta 4 ta ɓalle dama. Kafin nan duk fili ne busasshe irin wanda ido ya saba, amma kana shiga sai ƙasa ta fara rinewa, ja jawur kamar jar ƙasar da ake yaɓen ɗaki da ita, har duwatsun. Ƙasar mutanen Hemes Pueblo ce, su Walatowa suke ce wa garinsu, suna yankin tun kafin Turawa su san da nahiyar, kuma ba a ɗaukar hoto a cikin garinsu, mun kiyaye mun wuce.

Jemez Springs ɗan gari ne a cikin kwazazzabo, dutse dama dutse hagu, rafi a tsakiya. Nan wani manjo John Dudley ya ba da shawara a kafa ɗakin binciken, saura ƙiris nan ya zama garin bam. Ranar 16 ga Nuwamba 1942 Janar Leslie Groves da Robert Oppenheimer suka zo dubawa, Groves ya ga wurin a matse ba filin gini yace bai yi ba. Shi Oppenheimer ya san yankin, yana da gona a tsaunukan gabas kuma ya sha yawo a kan doki ta nan, sai yace ai in aka haye sama akwai wata makarantar 'yan maza a kan tudu, a je a gani. A ranar suka wuce can. Na tsaya bakin hanya ina kallon gidajen mutane da wani tsoho yana share ƙofar gidansa, nace wa uwargida kin ga da Janar ɗin nan ya gyaɗa kai da duk an tashe su. Tace to ai waɗanda ke can saman an tashe su ɗin. Gaskiyarta, zan zo kan wannan. Amsar da muke nema a nan tana jikin wani allo kusa da kangon tsohuwar cocin dutse da 'yan mishan ɗin Sifaniya suka sa aka gina wajen 1621, Ummi ce ta karanto ni na rubuta.

Gaba kaɗan akwai Soda Dam, tun kafin ka gan shi zaka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, wani tulin dutse ne da ruwan zafi ya riƙa tarawa shekara dubbai har ya tare rafin, ruwan ya huda ƙasansa ya wuce abinsa. Daga wajen nan netwok ya ɗauke ɗif. GPS shi ba ruwansa da netwok, tauraron ɗan adam yake saurara, amma tambayoyin da taswirar sai da data, abin da ya cece mu na sauke taswirar tun a gida kuma na kwafe tambayoyin a takarda. Duk wanda zai bi hanyar nan ya yi haka, kuma ya cika tanki tun daga ƙasa.

Sai hawa, hawa ba ƙaƙƙautawa, kunne na toshewa, jar ƙasa ta ƙare aka shiga dogayen bishiyoyin fayin, tsakaninsu wasu masu farin jiki da ake kira asfen ganyensu ya zama ruwan ɗorawa saboda kaka, iska na kaɗa su suna ƙyalli. Wani wurin kuma sai ka ga gangare guda duk baƙaƙen kututture a tsaye, gobarar Las Conchas ce ta 2011 wadda ta ci sama da eka 150,000. Muna cikin haka kawai sai bishiyoyin suka yaye ta hagu.

Valle Grande kenan, kuma ban san yadda zan kwatanta shi ba sai wanda ya gani. Fili ne na ciyawa a shimfiɗe iya ganinka, duwatsu sun kewaye shi kamar bakin ƙwarya, can tsakiya wasu ɗige-ɗige baƙaƙe da sai da muka ƙura ido muka gane garken elk ne, wata irin ƙatuwar barewa mai ƙaho kamar reshe. Uwargida ba abin da take cewa sai tabarakallah. Bakin dutse mai aman wuta ne da ya fashe ya rufta wajen shekara miliyan 1 da dubu 250 da suka wuce, faɗin ramin gaba ɗaya kusan kilomita 22, tsayin filin daga teku kuma wajen mita 2,600, wato ya ɗara Chappal Waddi na Taraba wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, kai kuma kana zaune a mota. Tokar da ya watsa ita ce ta daskare ta zama tuddan da Los Alamos ke zaune a kai. Nan muka sha shayi a tsaye don sanyi ya hana zama, muka karanto amsa ta biyu a allon gefen hanya. Wurin yana hannun hukumar gandun daji ta ƙasa wadda ba ta yarda a ɓoye akwati a filinta haka kawai, shi yasa mai kash ɗin allo kaɗai ya yi amfani da shi.

Gangarowa kwana-kwana ce mai tsanani, sai a hankali da ƙaramin giya. Muka karya hanya ta 501, ita kuma ta cikin filin ɗakin binciken ta bi, don har gobe yana aiki, akwai shingen jami'an tsaro inda direba ke nuna katin shaida mai hoto, na miƙa lasisina aka duba aka ce mu wuce, ba tsayawa ba ɗaukar hoto. Muka haye wata doguwar gada a kan kwazazzabo sai ga mu cikin gari, babban titinsu ma sunansa Trinity.

Makarantar da Oppenheimer ya nuna, Los Alamos Ranch School, wani Ashley Pond ne ya kafa ta a 1917 don 'ya'yan masu kuɗi, kowane yaro da dokinsa, a baranda suke kwana rani da hunturu wai su yi ƙwari. Soja suka karɓe ta, aka rufe a farkon 1943. Babban ɗakin cin abincinta, Fuller Lodge, yana nan yadda aka gina shi a 1928 da gungumen fayin ɗaruruwa a tsaye, ka shiga ƙamshin katako ya buge ka. Bayansa layin gidajen malamai ne da manyan masanan suka gada, Bathtub Row, don su kaɗai ke da bahon wanka a duk tudun. Amma abin da ya fi tsaya min wata 'yar bukkar katako ce a gefe, ta iyalin Romero, ɗaki ɗaya, irin gidajen ƙananan manoma masu jin Sifaniyanci da ke noma wake a kan tudun kafin soja su zo. Su uwargida ke nufi. An biya makarantar dala 225 kowace eka, manoman kuwa wasunsu dala 7 aka ba su, kuma sai 2004 majalisar Amurka ta ware dala miliyan 10 ta biya su diyya, lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Duk wanda aka taɓa karɓe wa iyayensa gona da sunan aikin gwamnati ya san wannan ciwon ba sai an fassara masa ba.

Amsa ta uku a jikin gumakan tagulla na Oppenheimer da Groves take, suna tsaye kusa da Fuller Lodge, a ƙirga maɓallan gaban rigar Janar. Ummi ta ƙirga sau uku don ta tabbatar. Haruffa takwas sun cika, amma nace bari mu leƙa gidan tarihin kimiyya na Bradbury tukunna tunda kyauta ne kuma ga shi nan kusa.

A can ne suka ajiye kwafin bama-baman biyu da girmansu na gaskiya, Little Boy dogo siriri na yureniyom, da Fat Man mai ƙaton ciki na fulutoniyom, nauyinsa ya haura tan 4 amma abin da ya yi ɓarnar kilo 6 ne da ɗoriya, girman lemo. Ummi ta je ta tsaya gefensa ya kere ta, tace Abba wannan ne ya kashe mutanen, nace a'a Mamana kamarsa ce aka yi. Daga nan na kasa magana. Kakana na wajen uwa sojan Bama ne. Turawan Ingila sun kwashi dubban samari daga Arewa a rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kai su dazukan Arakan su yaƙi Japan, Hausa ce ma harshen bariki, wanda ya tashi a Zariya ya san barikin Chindit, na Kaduna ya san Dalet, duk daga yaƙin can aka ɗebo sunayen. Ina ƙarami yakan zauna a zaure yana ba mu labarin ruwan saman da ba ya ɗaukewa da matsattsaku da kaya a ka cikin taɓo, kuma yakan ce wata rana aka tara su aka ce Amurka ta jefa bam ɗaya ya cinye gari guda, su basu yarda ba, sai ga shi bayan 'yan kwanaki an ce yaƙi ya ƙare. Ya dawo a 1946, ya auri kakata, aka haifi mahaifiyata, wadda ga takwararta nan tsaye a gefen ƙarfen. Masana tarihi har yau suna ja-in-ja, wasu sun ce bam ɗin ne ya sa Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga Agusta, wasu sun ce shigowar Tarayyar Sobiyet yaƙin ranar 9 ga wata ta fi tasiri, amma mu a gidanmu bam ɗin nan shine abin da ya dawo da Kaka gida. Kuma a Hiroshima mutum wajen 140,000 ne suka mutu kafin ƙarshen shekarar, Nagasaki sama da 70,000, yawancinsu farar hula, mata da tsofaffi da 'yan makaranta. Duka biyun na riƙe a raina a wurin, na kasa ajiye ko ɗaya.

Muka fito muka yi azahar a kan ciyawar bakin tafkin, wanda sunan mai makarantar aka sa masa. Yanzu wurin shaƙatawa ne da agwagi da yara na gudu, amma lokacin yaƙi gine-ginen aikin ne suka kewaye shi, akwai ma ɗan abin tunawa a inda tsohon ɗakin ajiye ƙanƙara yake, wanda a cikinsa aka harhaɗa kayan cikin bam ɗin gwajin Trinity. Na zauna na zuba lambobina takwas a gurbinsu, na buɗe ceka, wato wani shafi da mai kash ke haɗawa ka shigar da amsarka ya gaya maka ko daidai ne ba tare da ya nuna maka inda ka kuskure ba. Ja. Na sake lissafi, ja. Na tura Ummi ta sake ƙirga maɓalli, adadin bai canza ba. Na koma kan 1663 da 109, na sake buɗe wasiƙar Einstein, na zargi allon Valle Grande har na fara tunanin sai mun sake hawa dutse, kusan awa guda muna nan rana na ta yin ƙasa, kuma ceka ɗin in ka yawaita gwaji sai ya sa ka jira. Kuma ba abin da zaka ce bari in je in lalubo ba ne, don harafin da ke bayan ɗigo in ya kauce da ɗaya tal to ka kauce da mita 185, a garin da ko'ina kwazazzabo ne wannan sai ya kai ka bakin rami.

Uwargida da ke ta kallona tace, Abban Ummi, karanto min tambayoyin yadda ya rubuta su, ba yadda ka fahimta ba. Na fara karantowa, da na zo ta biyar ta ɗaga hannu. Abin da mutumin ya rubuta shine, wace rana kalandar da ke rataye a Fuller Lodge ke nunawa a daidai lokacin da bam ya faɗa Hiroshima. Tace ƙarfe nawa ne a can. Nace 8:15 na safe. Tace to ni kullum sai na lissafa awa bakwai kafin in kira Hajiya, Japan kuma tana gaban gida da awa takwas, bakwai da takwas sha biyar, cire sha biyar daga takwas da kwatan safe ka gani. Na cire. Ƙarfe 5:15 na yamma, ranar 5 ga wata. Na duba ko agogon lokacin ya bambanta, ashe lokacin yaƙi Amurka ta tura agogonta gaba da awa ɗaya duk shekara, daidai da yadda yake yanzu da bazara, lissafinta ya zauna daram. Na goge 6 na sa 5. Kore.

Ummi ta yi tsalle, ni kuwa ban tashi nan take ba. Ranar Lahadi ce ashe a nan, la'asar sakaliya, mutanen da suka ƙera abin suna wanki suna shirin abincin dare a bakin tafkin nan, yawancinsu basu ji labari ba sai washegari Litinin da shugaba Truman ya sanar. Uwargida ta ci gaba da lissafinta a hankali, tace a Zariya sha biyu da kwata na dare kenan, kowa na barci, inda Kaka yake kuma shida saura kwata na safe. Shekara nawa ina riƙe da 6 ga Agusta a kai kamar amsar jarabawa, sai ranar nan na ji shi a matsayin wani lokaci da ya sami kowa a inda yake.

Wurin na gaskiya ya fito a bayan gari ta wajen duwatsu, muka ajiye mota a bakin wata hanyar ƙafa muka fara hawa wajen ƙarfe huɗu. Garin kansa mita 2,200 yake daga teku, taku kaɗan numfashi ya fara sama-sama, sai muna yi muna hutawa. Dajin nan gobarar Cerro Grande ta cinye shi a Mayun 2000, wadda ta shiga gari ta raba iyalai sama da 400 da gidajensu, yanzu ƙananan bishiyoyi sun taso tsakanin gawayin tsofaffin. Waya tana cewa saura mita 300, saura 120, saura 40, da muka zo ƙasa da mita 10 sai kibiyar ta fara rawa, ta nuna nan ta nuna can, haka GPS yake yi kusa da duwatsu, daga nan sai ka sa waya a aljihu ka yi aiki da ido. Akwai ɗan taimako da mai kash ke bari a rubuce a juye, kowane harafi an tura shi gaba da 13, A ta zama N, da muka warware sai ya ba da ma'anar ƙarƙashin abin da wuta ta rage. To kututturen da wuta ta rage sun fi ashirin a wurin. Na samu sanda, don ba a zura hannu a rami a ƙasar da ke da maciji mai ƙararrawa a wutsiya, muna bi ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta zo wucewa da karenta, muka zauna kan dutse kamar masu hutawa har ta yi nisa, ƙa'ida ce kada wanda ba ya wasan ya ga maɓoyar, gudun kada a ɗauke.

Ummi ce ta gani. Tace Abba duwatsun can uku ba haka Allah ya ajiye su ba, wani ne ya jera. Na ɗaga su, sai ga akwatin harsashi na soja, kore, murfinsa da ƙarfi sai da na danne da gwiwa ya buɗe. Ciki akwai littafin a cikin leda, da tarkacen wasan yara, da wani ɗan tsuntsun takarda irin wanda Japanawa ke naɗewa don tunawa da Hiroshima. Shi Ummi ta so ɗauka, mamanta tace a'a bar wannan a inda mai shi ya ajiye, sai ta ɗauki wata 'yar mota, mu kuma muka saka maƙalin makulli na fatar Kano, don in ka ɗauka sai ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi. Na buɗe littafin, waɗanda suka riga mu yawanci TFTC kawai suka rubuta, gajeriyar godiyar 'yan wasan. Na sa kwanan wata da sunan da muke wasa da shi, a ƙasa na rubuta Shinkolobwe, a ƙasansa kuma Kaka, Bama, 1946. Daga inda muke ana hango kwarin kogin Riyo Girande, da tsaunukan Sangre de Cristo can gabas sun fara yin ja da faɗuwar rana. Muka mayar da akwatin muka jera duwatsun yadda suke, muka gangaro da sauri kafin duhu.

Komawa ba mu sake bin dutse ba, ta 502 muka sauka muka haye kogin a Otowi, muka bi ta Santa Fe, magariba a wani gidan mai muka yi ta. Mun iso gida wajen tara, Ummi tuni ta yi barci da 'yar motarta a hannu. Na jira har sha ɗayan dare, lokacin shida na safe a gida, na san Hajiya ta idar da lazimi, na kira ta na tambaye ta ko akwai wani abu na sojan Kaka da ya rage. Tace lambar yabonsa tana wajen Kawu a Tudun Wada cikin wani gwangwani tare da littafin sallamarsa, zata aika yaro ya ɗauko hoto. Ranar Talata ya shigo ta WhatsApp, tauraro ne mai tsini shida, ƙyallensa ya koɗe amma ana gane ja a tsakiya da shuɗi a gefe, a jiki an zagaya da rubutu The Burma Star. Ummi tace in fitar mata da shi a takarda zata kai makaranta.